Shirin Shiga Jami'a: Bayani ga 'Yan Sakandare na Ƙasar Tsafe da Iyayensu

Kowace shekara, idan damina ta yi tsaka, makarantun sakandare na Tsafe da Gusau da Bungudu su kan sallami samari da 'yan mata waɗanda suka gama aji shida. Galibinsu jami'a su ke hange, iyayensu ma haka. Amma wanda ya bi sawunsu bayan shekara guda zai tarar da wasu masu ƙwazo ƙwarai suna zaune gida. Wannan ya ɗauki darussan da ba su dace da fannin da ya ke nema ba. Wancan sunan da ke kan takardarsa ta WAEC ya saɓa da wanda ke kan katinsa na ɗan ƙasa. Wata kuwa an ba ta gurbi, amma ba ta sani ba sai da wa'adin karɓa ya wuce. Duk waɗannan abubuwa ne da a ke iya gyarawa tun yaro yana aji huɗu, in da an san da su. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Barin gida don neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Tsafe. 'Yandoto, wadda ke maƙwabtaka da garin, ta yi suna da malamai tun kafin ƙarni na 19, almajirai suna zuwa mata daga nesa. Jami'a irin ta zamani kuwa ba ta daɗe ba. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962. A wancan zamani, wanda ya gama shekara biyar na sakandare kuma ya ke son wucewa ya kan ƙara shekara biyu a ajin HSC, a wasu kwalejoji ƙalilan kamar ta Zariya da ta Keffi, yana karanta darussa uku kawai amma da zurfi. A nan ne ya ke koyon shiga laburare shi kaɗai, da rubuta dogon bayani da kansa. Da aka koma tsarin 6-3-3-4 cikin shekarun 1980, wannan gada ta tafi, ba a kuwa gina wata a madadinta ga kowa da kowa ba. Yaro ya kan tashi daga bencin sakandare ya faɗa zauren lacca kai tsaye.

Ta wajen nisa an sami sauƙi. Tun 1975 akwai jami'a a Sakkwato, wadda a ke kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan an kafa Jihar Zamfara a 1996, an buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, a bakin hanyar Zariya, watau hanyar da ɗan Tsafe ya ke bi in za shi Gusau, kuma an kafa jami'ar jiha a Talata Mafara a 2018. Ƙofa ta matso kusa, amma sharuɗɗan shiga ta na nan yadda su ke ga ɗan Legas da ɗan Bilbis, kuma ba wanda zai cika su a madadin ɗalibi.

ZAƁEN DARUSSA DA GYARAN SUNA

Ranar da aka raba 'yan aji huɗu zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci, ranar ce aka rufe wa kowane yaro wasu ƙofofi aka buɗe masa wasu, ko da ya ke yara kaɗan ne su ke gane haka. Da yawa su kan bi abokinsu ne, ko su guje wa wani malami mai bulala. Jami'a tana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko ta NECO, watau daga A1 zuwa C6, kuma a darussan da suka shafi fannin da a ke nema, a zama ɗaya ko biyu. Wasu jami'o'i ba su karɓar zama biyu ga mai neman aikin likita. D7 da E8 cin jarrabawa ne, amma ba kiredit ba ne, iyaye su lura da wannan in an kawo musu takarda. Turanci wajibi ne ga kowa. Lissafi wajibi ne ga duk mai neman kimiyya ko injiniya ko harkar kuɗi, kuma ba hikima ba ne ɗan ajin adabi ya yi watsi da shi.

Mai son likitanci zai rubuta Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar JAMB. Mai son injiniya zai sa Lissafi a wurin Bayoloji. Mai son lauya yana bukatar Adabin Turanci, kuma a nan ne yaran wannan yanki su kan yi tuntuɓe, domin ba kowace makaranta ke da malamin wannan darasi ba, yaro kuwa ba zai san yana bukatarsa ba sai ranar cika fom. Hukumar JAMB tana da kundi wanda ya jera kowane fanni da darussan da kowace jami'a ta ke nema, da kuma manhajar kowane darasi, duka kyauta a intanet. Ya kamata kowace makaranta ta buga shafukan da suka fi shafar ɗalibanta ta manna a allon sanarwa, a karanta wa 'yan aji huɗu a makonsu na farko.

Batun suna ya fi kowane abu kama da wasa, ya kuma fi kowane wahalar gyara. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma sunan da ke jikin wannan lamba da ranar haihuwa su ne kwamfutar hukumar ta ke ɗauka. To, a ƙasar Hausa mutum ɗaya ya kan zama Muhammadu a firamare, Mohammed a sakandare, Muhammad a katin ɗan ƙasa. Wani ya kan sa sunan uba a wata takarda, sunan kaka ko sunan gari a wata, har ma a sami Tsafe a nan, Chafe a can. Ranar haihuwa kuwa sau da yawa ƙiyasi ce, malamin firamare ya rubuta tasa, ma'aikacin rajista ya rubuta tasa. Ranar tantance takardu a jami'a za a jera su duka a kan tebur, in sun saɓa sai a ce wa yaro ya koma ya gyara, gyaran kuwa yana cin kuɗi da watanni. Abin yi shi ne uba ya zauna da ɗansa tun aji huɗu, a tsai da suna ɗaya da rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, a yi NIN da su, sa'an nan a tabbata su ne makaranta ta aika wa WAEC da NECO. A kuma tuna ƙa'idar da aka tsayar a 2025 ita ce sai ɗalibi ya cika shekara 16 a ke ba shi gurbi.

Haka kuma lambar waya. Da ita a ke neman lambar shaidar rajista, kuma ta kanta hukumar za ta riƙa aiko da saƙo har yaro ya shiga jami'a. Lalle ta zama layin da ke hannun ɗalibin ko na gidansu wanda ba za a yar ba. Kada a yi amfani da layin mai shagon kwamfuta, ko na wani yaya da zai tafi cin rani Kudu da shi.

JARRABAWAR JAMB

An kafa hukumar JAMB a 1978 don ta haɗa shigar jami'o'in ƙasa a hannu ɗaya. Tun 2015 jarrabawarta duka a kwamfuta a ke yi. Darussa huɗu ne, kowanne maki 100, jimla 400. Tambayoyi 180, sittin na Turanci, arba'in arba'in na sauran ukun, lokaci kuwa awa biyu. Wanda ya raba zai ga daƙiƙa arba'in ke nan ga kowace tambaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, in ya ɓata minti goma yana kokawa da linzaminta, ya yi asarar lokacin tambaya goma sha biyar kafin ya fara tunani.

Abin da a ke bukata na sarrafa na'urar bai taka kara ya karya ba. Haruffan A da B da C da D su ne na zaɓen amsa, N ta kai mutum tambaya ta gaba, P ta mai da shi baya, S ta miƙa aiki. Yini biyu ko uku na gwaji sun isa hannu ya saba. Makarantar da ba ta da kwamfuta ko wutar lantarki sai ta nemi shiri da wata cibiya a Gusau ta kai 'yan aji shida rukuni rukuni, ko da sau ɗaya a zango. Hukumar ma tana yin jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ga wanda ya nuna yana so ranar rajista, kuma ɗan kuɗin da a ke ƙarawa dominta ba asara ba ne ga ɗan ƙauye.

Ana ɗaukar hoton zanen yatsu ranar rajista, a sake gwadawa a ƙofar ɗakin jarrabawa. Hukumar ta sha jan kunnen 'yan mata game da ƙunshi, domin ya kan rufe zanen yatsa har na'ura ta kasa gane mai shi. Uwaye su kiyaye, ko da bikin wa a ke yi a gidan, yarinyar da ke da rajista ko jarrabawa a gabanta a bar mata yatsunta fari. Rajista kuma a cibiyar da hukumar ta amince da ita kaɗai a ke yi, ɗalibi ya je da ƙafarsa, ya karanta abin da aka cika kafin a aika.

Jarrabawar ba ta da sauƙi. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Yaran Zamfara suna da wani nauyi na daban. A 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe cikin Fabrairu, an rufe makarantun kwana, cikin Satumba kuma aka rufe makarantun jihar duka na wani lokaci. Waɗanda ke firamare da ƙaramar sakandare a shekarar sun taso da giɓi a tushen Lissafi da Turanci, giɓin da ba ya nuna kansa sai an zo aji biyar. Maganinsa ɗalibi ya riƙe manhajar JAMB a hannu, ya bi ta babi babi yana sa alama a abin da aka koyar da wanda ba a koyar ba, ya kai wa malami jerin abin da ya rage. Malami na gari ba ya jin haushin wannan.

Bayan sakamako ya fito, aiki bai ƙare ba, a nan ne ma sakaci ya fi yawa. Kowace shekara a kan tsai da mafi ƙarancin maki na ƙasa, a 2025 ya kasance 150 ga jami'o'i, amma wannan kasan ƙofa ne kawai. Kowace jami'a tana da nata mizani, kowane fanni ma da nasa, likitanci da lauya da aikin jinya suna can sama nesa. Yawancin jami'o'i su kan yi tasu tantancewa, wasu da jarrabawa, wasu da duban takardu. Jami'o'in Tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta ga kowa, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa cikin masu ƙarancin ilmin zamani, Zamfara kuwa tana cikinsu. Saboda haka ɗan Tsafe mai matsakaicin maki ya fi kusa da samu a Gusau ko Sakkwato bisa ga wata jami'a ta Kudu mai suna.

Tun 2017 duk wani gurbi ta shafin hukumar mai suna CAPS ya ke fitowa. Wajibi ne ɗalibi ya sa a ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a wannan shafi, in ba haka ba jami'a ba za ta iya ba shi gurbi ba ko da makinsa ya kai. In an ba shi, sai ya shiga ya danna karɓa cikin wa'adi. Gurbin da wani ya yi alkawarin samowa ta bayan gida, wanda bai bi ta CAPS ba, ba shi cikin lissafin hukuma, mai shi kuwa zai gane haka ne bayan shekara huɗu, ranar da aka nemi sunansa cikin masu tafiya bautar ƙasa aka rasa.

IDAN AN SHIGA

A sakandare akwai ƙararrawa, akwai kiran suna, akwai malami mai rubuta darasi a allo ya tsaya sai kowa ya kwafe. A jami'a babu ko ɗaya. Ɗan aji ɗaya zai iya samun kansa cikin mutum ɗari biyar ko fiye a zaure ɗaya, malami yana magana da Turanci da sauri, awa biyu, ya tattara takardunsa ya fita. Ba zai tambayi wanda bai zo ba. Sai dai ƙa'ida ta ce wanda bai halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca ba ana iya hana shi zama jarrabawa, kuma kashi 30 ko 40 na maki daga gwaje-gwaje da aikin gida na tsakiyar zango su ke fitowa. Wanda ya saba barin karatu sai daren jarrabawa ya riga ya zubar da wannan kaso.

Ya kamata a fahimtar da 'yan aji shida yadda a ke lissafin digiri, domin jahiltarsa ta cuci mutane da yawa. A mafi yawan jami'o'i maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5, B tana da 4, C 3, har zuwa F wadda ba ta da kome. Ana tara darajar duk kwasa-kwasan da mutum ya ɗauka tun zangon farko, a fitar da matsakaici. Mai 4.50 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama. A ɗauka wani ya yi wasa a shekarar farko ya tashi da 2.00, kuma karatun na shekara huɗu ne masu nauyi ɗaya. In yana son ya fita da 3.50, sai ya riƙe 4.00 shekara uku a jere. Daraja ta ɗaya kuwa ta kuɓuce masa ke nan, domin ko A ya samu a kome har ya gama, 4.25 zai tsaya. Shekarar farko, wadda yara su ke ɗauka ta hutawa da ganin gari, nauyinta ɗaya da ta ƙarshe.

Makaranta tana iya yin abu mai yawa a nan ba tare da kashe ko sisi ba. Sau ɗaya a mako, malamin aji shida ya ajiye alli ya yi bayani na minti talatin da baki, da Turanci zalla, yara su rubuta abin da suka kama, sa'an nan ya karɓa ya duba. Makonnin farko abin zai ba da tausayi, amma kunne ya kan buɗe. A ba su babi su karanta da kansu su zo su bayyana a gaban aji. A raya ƙungiyar muhawara. Fassara darasi da Hausa taimako ne ga ɗan aji ɗaya da aji biyu, amma in aka ci gaba da haka har aji shida, an bar yaro da kunnen da bai saba da harshen da za a koyar da shi ba. Akwai kuma kunya. Yaron da aka rena da kyau a ƙasar nan ba ya ɗaga murya gaban manya, wannan kuwa tarbiyya ce abar yabo. Sai dai a nuna masa tambayar malami a aji, ko bin sa ofis da littafi a hannu, ba rashin ladabi ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

Tsofaffin ɗalibai da ke jami'a su kan dawo gida hutu. Shugaban makaranta mai dabara zai gayyaci biyu ko uku, mace da namiji, su zauna da 'yan aji shida su gaya musu yadda a ke rajistar kwas, da abin da kwanon abinci ya ke ci, da irin abokan da a ke gudu. Yara sun fi jin maganar wanda ya girme su da shekara biyu.

KUƊI DA MASAUKI

Kuɗin rajista guda ne cikin abubuwan da uba zai tanada. Akwai na ɗaki, da abinci, da mota, da bugun takardu, ga waya wadda yanzu da ita a ke samun sanarwa da littattafai. Manomi ya fi kowa sanin lissafin wannan, sai ya ware buhunan da za su tsaya wa karatu tun da kaka, kada ya jira takardar gurbi ta riske shi da bazara rumbu ya yi ƙasa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun rancen ɗalibai mai suna NELFUND, wanda ya ke biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ba ruwa a kansa, kuma a kan fara biya ne shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Ana neman NIN da lambar banki ta BVN da takardar gurbi ta JAMB, nan ma sai sunaye sun zo ɗaya. A kuma sa a rai shekara huɗu ta kan zarce, yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas.

Masauki abu ne da uba zai je ya gani da idonsa. Cikin Satumba 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka tafi da ɗalibai, yawancinsu mata. Wannan ya sa wasu iyaye suka ja baya ga barin 'ya'yansu mata su wuce, ba kuwa wanda zai ga laifinsu don sun ji tsoro. Amma jihar da mata ba su son namiji ya duba su a asibiti tana bukatar likitoci mata da ungozomai da malamai mata fiye da kowace. Abin da ya fi shi ne a nemi ɗakin kwana na cikin makaranta da wuri, domin ba ya isa kowa, in bai samu ba a sauke yarinya wurin dangi a cikin gari, a kuma hana tafiyar dare a hanya.

Wanda bai sami gurbi a shekarar farko ba kada ya zauna jiran wata shekara hannu rabbana. Sakamakon WAEC da NECO ba ya tsufa, amma na JAMB na shekararsa ne kawai. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa, gaba kaɗan da Tsafe, inda a ke gyara darussan da aka faɗi, a kuma yi karatun IJMB, wanda ya ci shi da kyau ya kan shiga aji biyu na jami'a. Akwai Kwalejin Kimiyyar Lafiya a cikin Tsafe kanta, da Kwalejin Ilmi ta Maru, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Gusau, da kwalejojin fasaha a Ƙaura Namoda da Talata Mafara. Mai takardar NCE ko difloma ta ƙasa da sakamako mai kyau yana iya neman aji biyu na jami'a a fannin da ya dace da abin da ya karanta. Shi ma sai ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye daga JAMB, wanda a kan sayar a farkon shekara, ya kuma tabbata makarantar da ya gama ta aika da shaidar sakamakonsa kafin jami'a ta rufe tantancewa.